Fijo 504, Marsandi ko Land Cruiser: Wacce Tsohuwar Mota Za Ka Tayar a Damagaram?

Wata Alhamis bayan la'asar ina zaune a ƙofar garajin da nake kai motata, masu dawowa daga Kasuwar Dole suna ta wucewa da kaya a ka, sai ga ɗan kawuna ya tsayar da babur ya miƙo mini waya. Ya ce, "Yaya, duba waɗannan ka zaɓa mini ɗaya." Hotuna uku ne. Na farko Peugeot 504 ce, wadda muke ce wa Fijo, fara ce amma ƙura ta mayar da ita ruwan ƙasa, an ɗora ta kan duwatsu a tsakar wani gida a Sabon Gari, ga akuya kwance a kan bonet. Na biyu Mercedes 240D ce da wani ɗan kasuwa ya ajiye a Maraɗi, an wanke ta tas kafin a ɗauki hoton, abin da ya sa tun nan na fara zarginta. Na uku Land Cruiser HJ60 ce a wajen Tanut, gilashin baya ya fashe an toshe da kwali. Yaron ba motar zuwa aiki yake nema ba, babur ɗinsa ya wadatar da shi. So yake ya tayar da tsohuwa ya mayar da ita yarinya, ya riƙa fita da ita ran Juma'a da ran Sallah.

Ban ba shi amsa nan take ba, don ba maganar tsaye ba ce. Ni kaina shekara huɗu na yi ina fama da tawa 504 kafin ta kai inda nake so, na kuma sha zama a gefen abokai biyu, ɗaya mai Marsandi ɗaya mai Land Cruiser, ina kallon inda kuɗinsu ke tsiyayewa. Abin da na gane shi ne tsohuwar mota kamar aure take, da danginta ake ɗaukarta: makaniken da ya san halinta, da kasuwar da za ka samo kayanta. Wadda danginta ke kusa da kai ita ce taka, ko da wata ta fi ta kyau a hoto.

Kafin a zo kan kowacce, akwai abin da ƙasarmu ke yi musu su duka. Damagaram ba ta cin ƙarfe. Daminarmu gajera ce, iska busasshiya, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a nan za ka leƙa ƙarƙashinta ka tarar da ƙarfe lafiyayye bayan shekara arba'in. Abin da take ci shi ne roba da leda da waya. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 yana tsattsaga allon gaban direba, yana busar da robar gilashi har ta riƙa karyewa kamar ƙuli-ƙuli, tiyon ruwa da na birki su ƙandare. Hazon hunturu yana shiga duk inda iska ke shiga. Ga ɓera mai son wayar lantarki, ga gara idan ta sami kujera. Don haka tambayar farko ita ce: daga ina motar ta fito? A shekarun 1970 da 1980 Turawa matasa sun riƙa keto Sahara da tsofaffin 504, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit zuwa Agadez, su sayar su hau jirgi su koma. Waɗannan sun sha gishirin da ake zuba wa hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara kafin su iso mana. Wadda ta biyo tashar jirgin ruwa ta Kwatano ita ma haka, ga iskar teku a kai. Wadda aka haɗa a Kaduna ta ƙare rayuwarta tsakanin Kano da Zinder, sau da yawa ita ce mai lafiyar jiki, ko da injinta ya gaji.

Inji ana gyara shi, jikin da ya ruɓe kuwa rami ne marar ƙasa. Wannan da aljihuna na koya. Lokacin da na kai tawa wurin wani mai gyaran jiki, na ce ya yanke inda tsatsa ta ci a ƙasan ƙofofi ya yi walda da sabon ƙarfe. Bayan mako uku ya kira ni, na je na ga mota tana sheƙi, na biya har da tukwici. Damina ɗaya ta wuce sai fenti ya fara kumbura kamar fankasau. Dattijon makaniken da nake hulɗa da shi yanzu, wanda muke ce wa Baba, ya ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika, ya naɗe shi da tsumma, ya riƙa bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe yake sai ya manne, inda aka cika da mastik sai ya faɗo. A ƙasan ƙofar baya ya faɗo sau huɗu. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba walda aka yi maka ba, yaɓe aka yi maka." Tun ranar ba na zuwa duba mota sai da maganaɗisu da tocila a aljihu.

To mu fara da Fijo, tunda ita na fi sani, kuma ita ce ta fi cika garin nan a zamaninta. An fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta gaba ta ci kyautar motar shekara ta Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, wanda a lokacin babu tseren da ya kai shi wahalar hanya. Amma abin da ya shafe mu ya fi kusa da haka: a 1975 ɗin ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, ta kuma ci gaba da haɗa 504 har wajen 2005, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙaramar. Tunda Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyarin motocin Kaduna a hagu yake kamar namu. Ma'anar wannan ga mai son tayar da ita yau shi ne kayanta suna nan zube. Daga Zinder zuwa Kano, ta Matamai da Ɗan Barto da Daura, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon abin a hannu, da wuya ka fito ba ka sami irinsa ba, sabo ko na hannu. A nan cikin gari ma duk garajin da ya kai shekara talatin yana da gawar 504 a bayansa da ake ta gutsura.

Injin esansi, wato fetur, da aka fi samu a cikinta mai lita biyu ne, 1971 cc, silinda huɗu, a kishingiɗe yake zaune cikin bonet, ƙarfinsa doki 90 da ƴan kai. Ba shi da wani sirri. Kafireto ne, da distirbita, da fulogi huɗu. Babban alherinsa ga mai gyara shi ne hannun rigar silinda, abin da makanikanmu ke kira shimiz, cirewa ake yi. In ya cinye ba sai an kai inji wurin masu huda ba, sai a sayo sababbin shimiz da fistin da zobba a zura, inji ya koma kamar jiya aka yi shi. Wannan aikin akwai dattawa da dama a Zinder da za su yi shi da ido a rufe, don da shi suka ci abinci lokacin da tasha ta cika da familiyal, wato dogayen 504, masu zuwa Yamai da Diffa.

Rauninta zafi ne. Kan injin na alminiyam ne, in ya yi zafi fiye da ƙima sau ɗaya sai ya lanƙwashe, gasket ɗin da muke ce wa juwan ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Ni ta yi mini haka a hanyar Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ina ɗauke da iyali za mu gaisuwa. Da aka kwance lagireto sai ga shi rabinsa a toshe da farin dutse, sakamakon shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya. Mai dizil ɗinta, injin Indenor, ya fi wannan rashin haƙuri da zafi, kansa tsagewa yake yi, kuma samun lafiyayyen kai na hannu yanzu sai an sha yawo. Shi ya sa ga mai farawa nake cewa ya ɗauki ta esansi.

A kan hanya kuwa, wanda bai taɓa shiga 504 mai lafiyar ƙafa ba bai san abin da ake faɗa ba. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, kujerunta masu laushi ne, cikinta kuma a ɗage yake daga ƙasa. Sandar da ke kai ƙarfi ƙafar baya a cikin bututun ƙarfe take, ba a fili ba, don haka dutse da yashi ba sa samunta. Gargadar da ke karkaɗa haƙoran mai ƙaramar motar zamani, ita lanƙwame ta take yi. Sai dai a lura ba duka iri ɗaya ba ne. Ƙaramar, wato salun, a yawancinsu kowace ƙafar baya da nata motsi. Familiyal mai kujera layi uku tana da gatari ɗaya a baya da sifirin huɗu. Bashe kuwa, akori-kura, sifirin ɗinta na faranti ne, don kaya aka yi ta, in babu kaya tsalle take yi da kai. Kuma familiyal da bashe kusan duk sun yi aikin haya, sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu shekara da shekaru. Salun ɗin da wani ma'aikaci ya riƙe ya yi ritaya da ita, ita ce abin nema.

Marsandi kuma wani gida ne daban. Wadda ake magana ita ce W123, da aka yi daga 1976 zuwa farkon 1986, kusan miliyan 2.7. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da take nufi in ta tsaya a ƙofar gida: Alhaji ya iso. Rufe ƙofarta kawai ya isa ya gaya maka an kashe ƙarfe. Cikin masu dizil ɗinta akwai 200D, 220D, 240D da 300D mai silinda biyar. Ta farkon doki 55 zuwa 60 gare ta, tana jan jiki mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi, kafin ta kai gudun 100 sai ta ci kusan daƙiƙa 30. Ka ce za ka wuce tirela da ita a hanyar Takeita, sai ka karanta duk addu'ar da ka sani. 240D mai doki 72 ta ɗan fi, 300D mai 88 ita ce daidai. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai: waɗannan injina ne da aka san su da daɗewa, shi ya sa masu tasi a Maroko suka riƙe su shekara da shekaru. Sarƙa ce ke juya su ba bel ba, famfon gazuwal ɗinsu, wato man dizil, na Bosch ne na ƙarfe zalla, babu kwamfuta ko ɗaya. In ta tashi, ko ka cire batir ba za ta mutu ba.

Wannan rashin mutuwar har ya taɓa ba mu dariya. Abokina ya gama gyaran tasa, ya kai ta ƙofar gidan surukansa a Birni, ya murɗa makulli ya zare, inji ya ci gaba da bugawa abinsa. Mutane na zaune a kan tabarma suna kallo, shi kuwa da babbar riga ya buɗe bonet yana neman abin dannawa. A wannan motar iska ce ke kashe inji, ta wasu siraran tiyo da ke bi ko'ina cikin jikinta, su ne kuma ke kulle ƙofofi. Rana ta busar da ɗaya ya tsage, shi ke nan. Akwai ɗan hannu a jikin inji da aka rubuta STOP a kai saboda irin wannan rana. Gyaran bai kai kuɗin cefanen yini ba, amma gano inda iskar ke zurarewa ya ci kwana uku, don makaniken da ya fara zuwa bai taɓa bin wannan layin ba.

Nan matsalarta take. Marsandi ba ta yawan lalacewa, amma ba ta yarda da hannun da bai san ta ba, ba ta kuma yarda da kayan araha. Bawul ɗinta ana daidaita su da hannu lokaci-lokaci, in an bari sai ta ƙi tashi da sanyin Janairu. Famfon gazuwal da nozul in suka gaji, ba aikin gindin bishiya ba ne, sai wurin mai injin gwaji, kuma sau da yawa wannan na nufin Kano ko Yamai, Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce. Gazuwal mai ruwa ko datti shi ne ajalinta. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 samun mai a gidan mai ya yi sauƙi a nan, to wanda ya riƙe Marsandi ya manta da na kwalba a bakin titi. Kayanta na asali har yanzu ana samu daga Turai, masu kyau kuwa, amma da kuɗin Turai za ka biya, Yuro ɗaya kusan sefa 656, ga kuɗin aikowa, ga jira. Masu esansi ma akwai. 200 mai kafireto ana iya lallaɓa ta. 230E da 280E masu fesa mai ta tsarin K-Jetronic kuwa, in ba ka riga ka san wanda ya iya su ba, ka bar su inda ka gan su, don sai a yi ta murɗa sukurori har a ɓata abin da yake lafiya.

Kuma cikinta ya fi na Fijo kusa da ƙasa. A kwalta, daga nan zuwa Maraɗi, babu wadda ta kama ƙafarta a cikin ukun wajen nutsuwa. A lungunan Garin Malam bayan ruwan Agusta, ko yashin hanyar ƙauye, nauyinta ke nutsar da ita. Wajen tsatsa a duba ramukan da ake sa jak, da ƙarƙashin batir, da magudanar ruwa a gindin gilashin gaba. In waɗannan sun tafi, wankin da aka yi mata kafin hoto ba zai cece ta ba.

Land Cruiser ita ce wadda zuciya ke so, aljihu ke tsoro. Mai lamba 40, gajerar nan mai zagayayyun fitilu, an yi ta daga 1960 zuwa 1984, amma masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun sa farashinta ya tashi, labarin kuma ya iso har ƙauyukanmu, kowa mai gawarta yana jin zinariya ya ajiye. Mai lamba 60, irin wadda yaron ya nuna mini, ta fito a 1980 ta kai ƙarshen shekarun. Injin dizil ɗinta 2H ne, silinda shida, lita huɗu, mai sanyin hali da jan kaya. Mai esansin 2F, lita 4.2, shi ma ba ya mutuwa, amma shansa ya kusa ninka na Fijo, a lissafina bai dace da motar nishaɗi ba sai ga wanda ke da gidan mai.

Komai nata babba ne, haka kuma kuɗinsa. Taya huɗu nata sun sayi na Fijo sau biyu ko fiye. Yawancin masu dizil na ƙasashenmu lantarkinsu bolt 24 ne, batir biyu ke nan duk lokacin canji, ƙwan fitila ma sai ka nemi nata. Juyen mai ɗaya ya haura na Fijo biyu. Ga giya ta biyu mai raba ƙarfi gaba da baya, ga gatarin gaba da mahaɗansa da ke zubar da giris, duk abubuwan da sauran biyun ba su da su balle su lalace. Sannan babu wanda ya taɓa sayen kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, a ƙasar nan don ya ajiye ta a inuwa. Wadda ka samu ta yi aikin wani furoje, ta koma hannun ɗan kasuwa, ta yi hanyar Agadez da kaya har rufi. A duba sasi da kyau, musamman inda sifirin ke kamawa, a nemi tsaga da tsohuwar walda. Sasin da ya taɓa karyewa aka ɗinke, mota ba za ta sake tafiya miƙe ba.

Makanikai ba matsala ba ne, Toyota kowa ya san ta, sai dai yawancin kayan da ke kasuwa yanzu na mai lamba 70 ne da injin 1HZ da ya fito a 1990, ba duka ke shiga 60 ba. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa: ita ce motar da ɓarayin daji ke so, Fijo da Marsandi babu mai tare ka dominsu. In kana da garke a Damargu, ko gona da kwalta ba ta kai ba, to wannan duk ba hujja ba ce, ita kaɗai ce za ta kai ka ta dawo da kai. Amma wanda iyakarsa Birni da Zango da Mirya, ya sayi raƙumi ne don zuwa masallacin unguwa.

Wani zai ce ina Land Rover? Jikinta na alminiyam ba ya tsatsa, gaskiya ne, tana kuma da kyan gani. Kayanta ne suka yi nisa da mu. Na bar ta a nan.

Sai batun ƙari, wato abin da za ka canza don ta fi yadda ta fito. Ra'ayina shi ne duk abin da zai sa ta jure zafi, ta tsaya in an taka birki, ta ga hanya da dare, a yi shi ba tare da jin kunya ba. A Fijo, a sake wa lagireto ciki da mai layi uku, a ƙara fanka ta lantarki, a daina zuba ruwan rijiya a koma ruwan sanyaya inji na gaske. Kada ka yarda a cire maka kalostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Makanikai da yawa suna cire shi su jefar su ce ƙasarmu da zafi, alhali ciwon yana lagireto. A cire filatin ɗin distirbita a sa na lantarki, ka huta da gogewa da daidaitawa. Giya mai biyar ta 505, ƙanwarta da ta fito a 1979, tana shiga 504, ta rage wa inji kuka da sha a doguwar hanya, wanda ya leƙa kuma ba zai ga bambanci ba. A Marsandi abin da za a ƙara kaɗan ne: matatar gazuwal ta biyu mai raba ruwa, da sabunta na'urar sanyi daga tsohuwar iskar R12 da aka daina zuwa R134a. A Land Cruiser 40 ana ɗauko birkin faifai na 60 a sa mata a gaba, wanda ya taɓa tsayar da ita da tsohon birkinta zai gane dalili. Tiyon birki kuwa a dukansu a canza shi ran farko, ko da ya yi kama da lafiyayye.

Inda na tsaya shi ne cire injin asali a dasa na wata mota. Na ga 504 da injin Toyota, tana tafiya lafiya, mai ita yana jin daɗi. Ga motar haya wannan dabara ce. Ga wanda ya ce tayar da tsohuwa yake yi, ya zubar da abin da ya sa ake sonta, ranar sayarwa kuma zai gani. Kujeru dai a nan muka fi kowa sa'a. Garin da ya yi suna da jima da dukanci ba ya rasa mai ɗinka fata. Na kai tsohuwar rigar kujera aka farke ta aka yi awo da ita, aka ɗinka mini sabuwa da jar fatar akuya. Sai dai fata ba ta son rana, dole mota ta kwana a rumfa ta wuni a rumfa, kuma wanda ba shi da rumfar ya fara gina ta kafin ya sayi motar.

Takardu su ne abin da masu sha'awa ke mantawa har sai sun gama kashe kuɗi. Lambar da ke jikin sasi ta dace da ta kart giriz, wato takardar mallakar mota, harafi da harafi. In lambar Nijeriya ce da ita, a san akwai lissafin duwan, wato kwastan, a gaba, a sa shi cikin farashi tun yanzu. In aka canza inji daga esansi zuwa gazuwal, takarda ma sai ta canza, in ba haka ba kowane shingen jandarma sai ka yi bayani. Kuma yawancin motocin da ke kan duwatsu a gidaje na gado ne. Wanda ya nuna maka ita ba lallai shi kaɗai ke da ita ba. Ka tabbatar duk magada sun yarda, a gaban shaidu, a rubuce, kafin ka sa ko sukuru ɗaya. Dogaro da Kano ma yana da nasa haɗari: an rufe iyaka a 2019 har ƙarshen 2020, an sake rufewa a 2023, duk wanda motarsa ke kwance a lokacin yana jiran kaya ya ji a jikinsa. Abin da ka san zai ƙare, irin su juwan da bel da filta, ka sayo bibbiyu.

Da yaron ya dawo bayan kwana biyu na ce masa, "Ƙanena, in kai ne Alhajin da ke zuwa Maraɗi duk mako, kana da haƙurin jiran kaya wata guda da kuɗin biyansu, da na ce ka ɗauki Marsandi, don in ta gyaru za ta riga ka tsufa ba ta gaji ba. In kana da dabbobi a daji, da na ce Land Cruiser. Kai kuwa albashi gare ka, wannan ce ta farinka, kuma so kake ka sa hannunka a ciki ka koya. Ɗauki Fijo. In ka ɓata abu, gyaransa jika kaɗan ne, kuma Baba ga shi nan a zaune." Dattijon yana goge hannu da tsumma ya ce, "In dai salun ce ta Kaduna, ku kawo ta. Amma kada wanda ya yi mata ki kafin in zo. Injin da ya shekara goma a kwance, sai an cire fulogi an zuba masa mai ya kwana, an juya shi da hannu tukuna."

Ran Asabar muka je Sabon Gari mu uku, aka kori akuyar. Maganaɗisu ya manne ko'ina sai wuri ɗaya a bayan tayar hagu, faɗin tafin hannu. Ƙarƙashin tabarmar direba ƙarfe ne fes, lambar sasi ta dace da takarda, ɓera ya cinye wayoyin fitilun baya. Baba ya sa sifana a kan inji ya danna, ya ɗan yi gardama, sannan ya juya. An yi ciniki an tsaya kan farashi. Saura ƴar marigayin guda da ke aure a Kano, an aika mata, ta ce sai ta zo da kanta bayan Sallah ta ga motar babanta kafin a fitar da ita daga gidan.